Awa Bakwai da Rabi

Sha ɗaya na dare a Hull.
Na rage fitilun gidan tsofaffi, na bar ta bakin bene,
na tuɓe takalmi, na jingina da hita,
na buɗe waya.

Ga shi can, ɗan jirgi rawaya,
bai kai ƙwayar shinkafa ba,
ya baro Dubai, ya sa hanci gabas.
Gwanzu, in ji waya:
kilomita dubu biyar da ɗari takwas da ɗoriya,
awa bakwai da rabi, in iska ta yarda.

A cikin ƙwayar nan akwai Sallau, autanmu,
wanda bai taɓa wuce Zariya ba sai bana,
da jaka ɗaya, da kilishi a takarda,
da kuɗin shekara uku
da na tara ina juya tsofaffi a kan gado.
Gilasan waya zai saro.
Ya ce, Yaya, riba biyu ce. Na ce, Allah ya sa.

Ƙararrawar ɗaki na tara.
Taku arba'in da ɗaya ne, tun bara na ƙirga.
Baba Wilfred ya jiƙa zanin gado,
yana ba bango haƙuri.
Na sauya masa, na goge masa baya,
wayar ta sulluɓe daga aljihu ta faɗi kan bargo.

Wa ke ciki? in ji shi.
Na ce, ƙanena.
Ya yi dariya da dasashi, haƙoransa na kofi.
Ya ce shi ma ya je wajejen can yana saurayi,
daga wannan bakin ruwan,
baƙin mai har gwiwar hannu,
wata guda da kwanaki kafin ya ga tudu.
Awa bakwai? Kai.
Gangar jikinsa ce za ta sauka,
kurwarsa tana Dubai tana neman ƙofa.

'Yarsa na Beverley, mil tara daga nan.
Ya ce ta taso tun Ista.
Duba mini, ko wayarki ta nuna inda ta kai.

Ban duba ba. Na gyara masa filo.

Ƙarfe uku, jirgin na bisa Indiya.
Na dafa shayi, na manta da shi.
Huɗu da kwata, ƙwayar shinkafa ta ɓace.
Shuɗi kawai, da sunayen garuruwan da ban iya faɗa ba.
Na murza allon, na kashe, na kunna,
na ja Hasbunallahu har harshena ya sarƙe,
kuma, Allah na gani,
ba kuɗin na tuna ba,
tabon goshinsa na tuna, na ranar da na sake shi daga goyo.

Taku arba'in da ɗaya, ba wanda ya kira ni.
Tsohon bai yi barci ba.
Ya ce, zauna, yarinya.
Haka suke yi. Ruwa yakan ɓoye su, ya maido.
Muka zuba wa shuɗin ido, ni da shi,
minti goma sha tara.

Sai ga ta, ta ɗan matsa gaba,
ko a jikinta.

Shida da rabi, saƙo ya shigo:
Yaya na sauka. Kunnena ya toshe.
Can rana ta gota, nan ko tsuntsun teku bai farka ba.
Na leƙa in gaya wa Baba Wilfred,
na tarar ya yi nisa, baki buɗe.

A littafin aiki na rubuta:
ɗaki na tara, ya sha ruwa sau biyu, an sauya zani.
Babu gurbin sauran.

Ga ni a tashar bas, hannu a hammata.
Allon ya ce saura minti shida.
Tun ɗazu yake faɗin haka.